DA WANE RUWA AKA WANKE?

Duk wanda ya je Jos ya komo gida hannu rabbana, to, ya shirya amsa tambaya, domin tun daga zaure yara za su tare shi da "ina tsaraba?" Ba laifinsu ba ne, garin ne ya yi suna. Jos tana bisa tsauni, kusan ƙafa 4,000 sama da teku, watau wajen mita 1,200, kuma sanyin nan nata ya sa ƙasar Filato ke fitar da dankalin Turawa da kabeji da karas da latas da kokwamba a lokacin da wasu wurare ke jiran hunturu. Har ɗan itacen nan ja na Turawa, sitiroberi, ana noma shi a Chaha, can wajen Vom. Wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe, ya ga kwanduna jere ganye na ɗigar raɓa, zai rantse babu abin da ya kai wannan tsabta.

Haka wani magidanci, malamin makarantar firamare da ke zaune a Unguwar Rogo, ya ɗauka shekara da shekaru. A Jos aka haife shi, haƙar kuza ce ta kawo kakansa daga ƙasar Kano. Mutum ne mai kula da iyali daidai ƙarfinsa, kuma al'adarsa ce ran da albashi ya shigo ba ya shiga gida sai da ledar kayan marmari. In ya sayi mangwaro ko gwaiba yakan goga a hannun rigarsa sau biyu, ya hura, ya kai baki, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi. In wani ya yi magana sai ya yi dariya ya ce kayan Jos daga gona sai baki, ina suka ga datti?

Ran nan, a farkon daminar 2021, ya taso daga makaranta ya tsaya wurin wani mai baro a bakin titi, ya sayi mangwaro da gwaiba da yankakkiyar kankana a ƙulle cikin leda. Mai baron ya tsoma mangwaron cikin bokiti, ya yarfe, ya zuba masa. Yana yin sallama 'yar autarsa, yarinya 'yar shekara huɗu wadda kowa a gidan ke kira Auta, ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafarsa. Ya zaɓi wanda ya fi nuna, ya goga a rigarsa, ya miƙa mata. Ta sha har ƙwallo, ta lashe yatsunta, uban na kallo yana jin daɗi.

Washegari yarinyar ta wuni tana wasanta. Sai can wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare amai ya fara, gudawa ta biyo baya. Kafin asuba idanunta sun faɗa, leɓunanta sun bushe, in ta yi kuka hawaye ba ya fita. Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Labarin kwalara ya riga ya cika gidajen rediyo, kuma kafin shekarar ta ƙare Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, Jihar Filato na cikin jihohin da abin ya shafa. Uwar yarinyar ba ta tsaya kuka ba. Ta tafasa ruwa lita guda ta bar shi ya huce, ta zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, kamar yadda aka koya musu wurin awon ciki, tana ba ta kaɗan-kaɗan. Da gari ya waye maƙwabci ya ɗauke su a motarsa zuwa asibiti.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi bayan-gidanta aka kai awo. Malam na tsaye bakin gado, hula a hannu, sai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta matso da takarda.

"Malam, me yarinyar nan ta ci jiya da shekaranjiya?"

Ya lissafa mata: tuwo, koko da ƙosai, shinkafa, sa'an nan mangwaro da ɗan yankan kankana.

"An wanke mangwaron?"

"An wanke, Sista. A gabana mai sayarwa ya tsoma shi cikin bokiti."

"Da wane ruwa?"

Malam ya buɗe baki zai amsa, ya rasa ta cewa. Shekara ashirin da biyar yana yi wa yara tambaya a aji yana jiran amsa, yau ga tambaya mai kalma uku ta ƙure shi.

Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce gaskiya babu wanda zai iya rantsuwa cewa mangwaron ne, domin yana yiwuwa ruwan randa ne, ko hannun yarinyar, ko wuƙar da aka yanka kankanar da ita. Amma ta ce duk shekara in mangwaro ya nuna, ruwan farko ya sauka, gadajen ɗakin yara kan cika, kuma kusan kowane uba amsarsa ɗaya ce: an wanke. Awo ya fito, ba kwalara ba ce. Bayan kwana uku aka sallame su da ƙwayar zinki ta kwana goma. Abin da Malam ya kashe ya isa ya sayi mangwaro baro guda har ya yi sadaka, amma abin da ya biyo shi gida ya hana shi barci shi ne tambayar nan.

Asabar ɗin da ta biyo ya koma inda ya yi sayayyar, ya sami benci wurin mai shayi ya zauna yana kallo. Cikin sa'a guda ya ga abin da kullum yake wucewa bai taɓa lura da shi ba. Bokitin nan guda ne tun safe. A ciki ake tsoma mangwaro, a ciki ake ɗauraye wuƙa, a ciki mai baro ke wanke hannunsa in ya yi danƙo, daga cikinsa kuma ake ɗibar ruwan da ake yayyafa wa gwaiba da karas don su yi sheƙi. Kafin azahar ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Hannun da ya karɓi tsohuwar takardar kuɗi shi ne ya fere abarba. Masu saye kuwa kowa ya zo sai ya latsa biyar kafin ya zaɓi ɗaya. Ƙuda ya tashi daga kwata ya sauka kan kankana, mota ta wuce ta bar musu ƙura.

Da ciniki ya lafa ya matsa suka gaisa.

"Ɗan'uwa, ruwan nan ba ka sake shi ne?"

Mai baron ya dube shi, ba alamar fushi. "Malam, jarka biyu nake saye wurin 'yan garuwa kullum. In na ce duk mangwaro goma sai na zubar na sake, ribar tawa a kwata za ta ƙare. Ka ga famfo a nan?"

Malam ya duba hagu da dama, babu. Tun da babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwa da yawa bakin titi ya zama rumfarsu. Ya tambayi inda 'yan garuwar ke ɗebo ruwan, mai baro ya ce wallahi bai sani ba. Nan Malam ya gane mutumin ba mugu ba ne, halaliyarsa yake nema, 'ya'yansa ma daga bokitin nan suke shan mangwaro.

Daga nan ya shiga bin sawun tsarabarsa da baya. Abu na farko da ya gano shi ne yawancin abin da yake kira kayan Jos baƙi ne. Lemo da mangwaro masu yawa daga Binuwai ake lodo su, abarba da ayaba daga kudu, kankana daga jihohin arewa masu zafi. Kafin su iso an kaɗo su sun faɗi ƙasa inda dabbobi ke kiwo, an tara su a gefen hanya, an zuba su a bayan motar da wataƙila jiya shanu ta ɗauko, an juye su a ƙasan kasuwa. Ɗan itacen da ya kai hannun yaro ya bi ta hannaye da yawa, ba kuwa wanda ya san inda hannayen nan suka fito.

'Yan gida kuwa, watau tumatir da karas da latas da sauransu, nasu labarin na ruwa ne. Da rani ana noman lambu a gaɓar kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar gari, da kuma bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari tun daga farkon ƙarni na 20. Malam ya san Dilimi tun yana yaro, a ciki ya koyi iyo, ya kuma san kwatocin unguwanni da yawa a cikinsa suke ƙarewa. Injin ban-ruwa ba ya tace komai, abin da ya zuƙo shi yake watsa wa ganye. Ga kashin kaji da tokar bola da manoma ke sawa in takin zamani ya yi tsada. Manomi da ruwan da ya samu yake noma, kuma shi ke ciyar da gari. Sai dai abin da ya kwanta a ƙasa, ya sha wannan ruwa, aka kuma ci shi ɗanye wuta ba ta taɓa shi ba, to, duk abin da ya ɗauko da shi zai shiga ciki.

To, me yake ɗaukowa? Ran da Malam ya mai da Auta a sake duba ta, Sista ta kasa masa abin kashi uku. Na farko ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, masu kawo kwalara da zazzaɓin taifot da atuni da wani irin ciwon hanta mai sa shawara. Dukansu hanyarsu ɗaya ce: daga bayan-gidan mai cutar zuwa ruwa ko hannu ko ƙafar ƙuda, daga nan zuwa bakin mai lafiya. Kwalara takan bayyana cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana 5, amma taifot kan yi mako guda zuwa uku kafin ta nuna kanta, ciwon hantar kuwa mako biyu zuwa huɗu ko fiye. Shi ya sa mutum ba ya zargin gwaibar da ya ci. Kafin zazzaɓi ya kwantar da shi ya manta da ita, sai a ɗora wa sauro ko sammu.

Na biyu ƙwan tsutsar ciki. Macen doguwar tsutsar nan mai kama da tana takan saka ƙwai har 200,000 a rana guda, ƙwan kuwa yana iya shekaru cikin ƙasa mai laima bai mutu ba, yana jiran karas ko mangwaron da ya faɗo. Yaron da tsutsa ta cika cikinsa yana ci ba ya ƙiba, yana aji hankalinsa ba ya wurin. Na uku guba ce ta hannun mutum: ragowar maganin feshi da aka fesa dab da girbi, da sinadarin kabayid na masu walda, wanda wasu ke turara ayaba da mangwaro da shi don su nuna da wuri. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Irin wannan ɗan itace sai ka ga ɓawonsa ya yi rawaya fes, cikinsa kuwa ba zaƙi ba ƙanshi.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin al'amari ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa kowace shekara mutum miliyan 600, watau kusan ɗaya cikin goma na mutanen duniya, kan yi rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu. Daga cikin mamatan, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, sa'o'in Auta. In aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi jin jiki, inda sama da mutum miliyan 91 ke kamuwa, 137,000 su mutu.

Malam ya komo gida ya kafa doka: daga yau ba wanda zai kai ɗan itace baki sai an wanke shi a gidan nan, ko da mai sayarwa ya rantse ya wanke. Uwargida ta yi na'am, ita da ta kwana uku a kujerar asibiti. Mahaifiyarsa ce, wadda suke kira Inna, ta taɓe baki. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa.

"Kai, bokon nan naku ya yi yawa. Mu a gindin bishiya muka sha mangwaro da ƙasarsa da komai, ga mu nan har yau. Cuta da mutuwa na Allah ne."

"Haka ne, Inna," in ji shi, ya yi shiru, domin ba a ja-in-ja da uwa.

Da dare, bayan yara sun kwanta, ita ce ta sake tayar da maganar, a hankali, kamar mai magana da kanta. Haihuwarta tara, biyar suka rayu. Uku daga cikin huɗun da suka koma gudawa ce ta ɗauke su, ɗaya ma a 1971, shekarar da kwalara ta fara yi wa ƙasar nan ɓarna, ta kama mutum kusan 23,000 ta kashe kusan 3,000. Sauran biyun cewa aka yi haƙori ne. Ta kuma tuna duba-gari na zamanin En'e, da gajeren wandonsa da ludayinsa, yana bi gida-gida yana leƙa randa, mata na jin an ce ga shi nan tafe sai kowa ta hau shara da wanke-wanke. "Da haushinsa muke ji," in ji ta, ba ta ƙara ba. Washegari da aka kawo gwanda, Inna ce ta fara ɗauko buta.

Ga yadda gidan suke yi tun daga lokacin, ba kuwa abin da ya fi ƙarfin talaka a ciki. Hannu ake fara wankewa da sabulu, ciki da baya da tsakanin yatsu, domin wanke mangwaro da hannu mai datti aikin baban giwa ne. Ruwan kuwa sai wanda mutum zai yarda ya sha. In ana shakkarsa a tafasa shi ya huce, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ba a zuba kayan duka cikin roba a jiƙa, domin wannan bokitin mai baro ne aka shigo da shi gida, dattin ɗaya ya raba wa sauran. Mutum ɗaya na zuba ruwa da buta, ɗaya na murzawa, ruwan na wucewa. Masu taurin jiki kamar karas da kankana da kokwamba ana sa musu soso da aka keɓe don wannan aiki kawai. Ana kula da gindin mangwaro da cibiyar gwaiba, domin nan ƙasa ke maƙalewa. Latas da kabeji a cire ganyen waje a yar, sauran a ware ɗai-ɗai a wanke. Sitiroberi ba ya son zama da laima, sai lokacin ci ake ɗauraye shi a hankali. In an gama a bar su cikin kwando mai tsabta su tsane.

Abin da ya fi ba yaran gidan mamaki shi ne wanke abin da za a fere. Babban ɗan Malam ya ce, "Baba, wa ke cin ɓawon kankana?" Uban ya nuna masa bakin wuƙa. Wuƙar da ta ratsa ɓawo ita ke jan abin da ke waje ta shafa shi a tsoka, haka yatsan da ya ɓare lemo shi ke riƙe abin da za a kai baki. Wannan bai tsaya ga ƙasashen matalauta ba. A 2011 a Amurka, wani ɗan itace dangin kankana mai kaushin ɓawo, daga gona guda a jihar Kolorado, ya kwantar da mutum 147 a jihohi 28, 33 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar a rumfar da ake wanke kayan ana shirya su cutar ta sami mafaka, a jikin injin da ba ya wankuwa sosai da ruwan da ke kwanciya a ƙasa. Su ma ai an wanke.

Wuƙar nama da katakonta daban suke. Abin da aka yanka a cinye shi cikin sa'a biyu, ko a rufe a sa firji in akwai wuta. Yankakkiyar kankana da abarba ta cikin leda gidan sun daina saye, sai su sayi guda su yanka da kansu, in ta yi musu yawa su raba da maƙwabta. Sabulu da omo da bilicin wanki ba su zuwa kusa, domin ɓawo na iya shan su, a guje wa wata cuta a faɗa wata. Ruwan gishiri ko ɗan ruwan kal da wasu ke sawa ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin murzawa, kuma sai an ɗauraye bayansa.

Inda ya ƙuje ko ya fara laushi ana yanke shi da faɗi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ɓera ko jemage ya gatsa kuwa jefarwa ake yi duka, ko da Inna na cewa almubazzaranci ne. Mutumin Jos ba a koya masa tsoron ɓera. A farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta mishan daga garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu, zuwa asibiti a Jos, ta rasu da wani zazzaɓi da likitoci ba su san shi ba, wanda daga baya aka sa masa sunan garin. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta kashe har da likitar da ke kula da masu ita, Dokta Jeanette Troup. Bayan haka aka gano wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, yana barin ta a kan abinci ta fitsarinsa da kashinsa. Saboda haka kayan marmari ba sa kwana a buɗe a ƙasan ɗaki, cikin mazubi mai murfi ake ajiye su.

Sai dai Sista ta ja kunnensa kada ya ɗauka wanki ya gama komai. Wanki na rage cuta ƙwarai, amma ba ya kawar da ita kakaf, kuma maganin feshin da ya riga ya shiga tsoka ruwa ba ya fitar da shi. Don haka in annoba ta shigo gari, ko kuwa jariri ko mai ciki ko tsoho za a ba, a wanke sa'an nan a fere, abin da ke dafuwa a dafa. Kada kuma tsoro ya sa a hana iyali 'ya'yan itace, domin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganye kowace rana.

Abin da ya fi yi wa Malam wuya cikin duka shi ne kunya. Aboki ya miƙo maka gwaiba a majalisa ka ce sai ka wanke, kamar ka kira shi ƙazami ne. Ya sha ba'a, har aka sa masa suna Duba-gari. Daga baya ya sami dabara, yakan karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa aljihu ya ce ta yara ce. In an matsa masa sai ya ba da labarin kwana ukun nan. Ran da famfo ya ɗauke kuma ruwa ya yi tsada, buta biyu na isar leda guda, abin da ya zuba uwargida ta tare shi a roba ta kai makewayi.

Ba a ce nauyin duka na kan mai gida ba. Duk ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa ya kamata ta sa famfo da makewayi a kasuwar, ta mai da duba-gari bakin aikinsu. Malaman gona su koya wa manoma kwanakin da ake bari tsakanin feshi da girbi, a kuma hana kwata da bola shiga kogin da ake ban-ruwa da shi. Amma duk wannan sai an yi zama, an yi kasafi, an jira, mangwaron da ke cikin leda yau kuwa ba zai jira ba. Daga gona zuwa baki, wuri ɗaya ne uba ya san ruwan ya kuma san hannun, watau tsakar gidansa.

Auta ta shiga makaranta, ba ta ma tuna daren nan. Malam bai fasa tsaraba ba. Ran albashi in ya yi sallama takan sheƙo ta karɓi ledar, sai dai ba ta buɗe ta a zaure, gindin randa take wucewa tana kiran yayarta ta zo ta zuba mata ruwa. Wata rana ƙanin mahaifiyarta ya zo daga Bauci, ya ɗauki mangwaro ya goga a hannun rigarsa ya miƙa mata. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, sa'an nan ta ɗaga kai ta ce, "Kawu, bari in kawo buta." Inna na kan tabarma ta yi dariya har da tari, ta ce wa baƙon ya yi haƙuri, haka gidan nan yake.

Allah ya raya su, ya kiyaye jama'a daga abin da ido ba ya gani.